Majinar da Ta Kai Ni Jamus

Kwanana uku a Jamus na ga abin da ya hana ni cin abincin rana. Ina zaune a ɗakin cin abincin ma'aikata, na ɗauki cokali ke nan, sai wani dattijo mai furfura da ke fuskantata ya zaro hankici ya fyace majina da ƙarfi har na zabura. Ya buɗe hankicin ya duba, ya ninke shi tsaf, ya mayar aljihu, ya ci gaba da cin dankalinsa. Na dubi dama, na dubi hagu, ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba. A gidanmu ko ɗan shekara huɗu ne ya yi haka a bakin kwano sai ya sha ranƙwashi. Na ture farantin gefe. Abin haushin kuma ba ni da bakin magana, domin ni ma majinar ce ta kawo ni ƙasar.

Sunana Sa'adatu. Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Kura da Bunkure, inda kanal ɗin ruwan noman rani ya ratsa ta bayan gidanmu. Babana malami ne mai makarantar Islamiyya, da rani kuma yana noman tumatir da albasa kamar kowa. Na yi shekara shida ina gwajin jini a wani asibiti a Kano kafin in samu gurbin karatun digirin dakta a wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewacin Jamus. Mutanen garinmu da suka ji kalmar dakta sai suka ɗauka likita mai fiɗa zan zama. Ban gyara musu ba. Da wane baki zan ce na bar miji da 'yata Hafsa mai shekara uku don in je in auna abin da ke cikin hancin mutane?

Shugabar ɗakin gwajinmu wata doguwar mata ce da kowa ke kira Farfesa. A kan keke take zuwa aiki, da furfurarta da komai, abin da ya ɗauke ni wata guda kafin in daina kallo. Da Turanci muke magana da ita. Ranar farko ta zaunar da ni ta bayyana mini aikin dalla-dalla. Allurar da ake yi a dantse tana tara wa jiki dakaru ne a cikin jini. Amma cututtukan tari da na gudawa ta hanci da maƙogwaro da hanji suke shigowa, kuma waɗannan wurare suna da tasu fatar mai laushi da danshi, da nasu masu gadin. In ana so masu gadin nan su san abokin gaba tun kafin ya zo, sai an kai musu rigakafin har inda suke. Matsalar ita ce in an fesa shi a hanci haka kawai, majina kan kwashe shi ta wuce da shi kafin su lura. Don haka Farfesa ta ƙera wata 'yar ƙugiya da ake liƙa wa rigakafin, wadda ba ta kama komai sai wata ƙofa ta musamman da ke jikin ƙwayoyin gadin. Da zarar ta kama, sai su ja rigakafin ciki su karance shi.

Na ce mata ai na gane. A wajenmu ruwa na iya cika kanal fal yana wucewa, gonarka na ƙonewa a gefensa, muddin ba ka sa tiyo ka ja shi zuwa fangalin shukarka ba. Ta yi dariya ta ce shekara goma tana neman misalin nan. Sannan ta gaya mini abin da ya sa na ji aikin ya shiga raina: in gwajin ya yi kyau a nan, mataki na gaba a jihar Kano suke so a yi shi. Na tuna da Hafsa da tarin da ke kama ta duk lokacin sanyi, na tuna da matan garinmu da ke ɓoye 'ya'yansu a bayan rumbu in sun ji an ce allura. Rigakafin da za a fesa a hanci ba tare da tsini ba, ai wannan ko kakata sai ta miƙa hancinta.

Watannin farko da ɓeraye na yi aiki. Nan ma na sha mamaki. Ɓera fari tas, da ɗakinsa mai na'urar ɗumi, da likitansa, da mai share masa kashi, har da ɗan abin wasa don kada kaɗaici ya dame shi. Ni kuwa da nake mutum, ɗakin da dillali ya turo mini hotonsa tun ina gida, mai taga da labule, da na zo sai na tarar rami ne a ƙarƙashin bene, babu taga ko ɗaya, bango na tsattsafo da ruwa. Na nuna masa hoton, ya ɗaga kafaɗa ya ce ai hoton na ɗakin sama ne. Maƙwabtana kuwa in na gaishe su sai su dube ni kamar na roƙe su wani abu. Sai da na yi mako shida ban ji an ce mini "ina kwana" ba, wallahi har na fara gaida ɓerayen.

Wata Asabar na shiga wani kanti da ake sayar da kayan abincin Afirka. Ina tari, ina juya wata ledar kuka, sai na ji an ce a bayana, "Aje ta, wannan kuka ta girme ki."

Na juya na ga wata dattijuwa mai jiki, da lulluɓi a kan rigar sanyi. Ban san lokacin da na fashe da kuka a tsakiyar kantin ba. Ita ce Hajiya Mariama, mutuniyar Damagaram, ta fi shekara ashirin a garin tana sayar da abinci daga gida. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta kai ni gidanta, ta zuba mini tuwo da miyar kuɓewa, ta ga na cinye. Washegari ta bi ni ta ga ramin da nake kwana.

"Innalillahi! Ɗiyata, a nan kike? Ko akuya ba a ɗaurewa a nan. Kwashi kayanki."

Tun daga ranar na koma ɗakin 'yarta da ta yi aure. Gidan Hajiya shi ne matattarar matan Hausawa na garin, 'yan Nijar da 'yan Gana da mu 'yan Najeriya kaɗan. Yawancinsu aikin shara da goge-goge suke yi a ofisoshi, da asuba da kuma yamma. Duk Lahadi sukan taru a falonta a yi ta hira da tsiya har la'asar.

Da na shekara, aka ba da izinin gwada rigakafin a jikin mutane. Jamusawa sun zo da yawa, amma Farfesa ta ce tunda Afirka ake nufi da shi, ya kamata a samu 'yan Afirka a cikin masu sa kai, kuma ba a samu ko ɗaya ba. Na ce ta bar mini wannan. Ranar Lahadi na tsaya a falon Hajiya na yi bayani. Wata ta ce ita dai ba za a mai da ita ɓera ba. Sai Hajiya ta ajiye ludayi ta ce, "Ɗiyar malamai ce, a gidana take kwana. In da cuta a ciki ba za ta kawo muna ba. Rubuta sunana farko." Kafin la'asar na rubuta mata goma sha huɗu.

Ni na fassara musu takardar ƙa'idoji zuwa Hausa, ni na karanta musu ita da bakina. Akwai layin da ya ce bayan an fesa, kada a fyace hanci har sai an ɗauki awanni. Kuma ni na zaɓi lokacin zuwansu. Tunda safe da yamma suna wurin aiki, na sa musu ƙarfe sha biyu na rana, kashi-kashi cikin kwana uku. Tsakiyar hunturu ne, lokacin da rana ke faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana korarsu.

Wata ma'aikaciyar jinya mai suna Sista Renata ce ke fesawa. Mace ce mai shiru-shiru, ita kaɗai ke riƙe da takardar da ta haɗa sunan kowa da lambarsa, mu a ɗakin gwaji lamba da rukuni kawai muke gani. In ta fesa wa mutum, sai ya zauna a ɗakin jira na ɗan lokaci a ga ko jikinsa zai nuna wani abu. Kwana ukun nan na yi ta kai da kawo ina jin kaina a sama, na kawo musu shayi, na raka wannan, na tarbi waccan. Komai ya tafi lafiya, babu wadda ko atishawa ta dame ta.

Bayan makonni aka dawo da kowa aka ɗebi danshin hancinsa da 'yar takarda mai tsotsa, ni da wani abokin aikina Tobiyas muka auna. Tobiyas saurayi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da gaggawar yin suna. Ranar da sakamako ya fito a kwamfuta, na matso na duba allon. Na Jamusawa ya tashi sama yadda ake fata. Na matanmu kuwa yana kwance a ƙasa kamar ba a taɓa fesa musu komai ba, in ban da mutum biyu da nasu ya yi daidai da na Jamusawan.

Farfesa ta daɗe tana kallon allon. Ta juyo ta ce, "Sa'adatu, abu biyu ne. Ko an lalata samfuran nan a hannunki, ko kuwa ƙugiyar ba ta kama ƙofar a jikin mutanenku. Nan da mako biyu kwamitin da ke kula da gwajin zai zauna. In na farko ne, ba zan iya kare ki ba. In na biyu ne, babu dalilin zuwa Kano."

Na sake awon sau uku. Na duba firij, na duba lambobi, na duba ruwan da muke haɗawa. Babu kuskure ko ɗaya a hannuna, kuma hakan bai faranta mini rai ba, don na san abin da ya rage.

Tobiyas ne ya same ni a wurin shan shayi, fuskarsa har walƙiya take. Ya ce in daina damuwa, abin da muka gano ya fi wanda muke nema girma. Za mu rubuta cewa ƙofar ƙwayoyin gadin mutanen Afirka ta Yamma ta sha bamban da ta Turawa, shi ya sa irin wannan rigakafi ba zai yi musu aiki ba. Sunansa farko, nawa na biyu, digirina ya tabbata. Na ce to, mata biyun da nasu ya yi kyau fa?

"Wataƙila suna da jinin Larabawa," in ji shi. "Ai na ga wata fara a cikinsu."

Mutum ya yi karatu har ya ƙoshi, amma ya dubi mata goma sha huɗu ya yanke wa al'umma guda hukunci yana kurɓar shayi. Sai dai zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: ban ce masa a'a ba. Na ce zan yi tunani. Na tuna da shekara ɗaya da rabi da na bar Hafsa, na tuna da mutanen gari da ke jiran dakta, na ce a raina, wa ya sani, ƙila haka Allah ya halicce mu.

Lahadin da ta biyo na zauna a falon Hajiya ina yankan albasa, ba na cikin hirar. Ba su san komai game da sakamakon ba. Suna ta tsokanar wata yarinya 'yar Agadas mai suna Zainabu, wadda ita ce farar da Tobiyas ya gani, wai ta cika son jiki.

"Ke dai ba ki da aiki sai zama," in ji wata. "Ko ranar asibitin Sa'adatu, muna can muna fama da alwala a wannan matsattsen banɗaki, ke kina miƙe a kujera."

"To ba na salla ranar, me zan je yi?" in ji Zainabu. "Kuma ai ni na riƙe muku jakunkuna. Washegari ma haka Fati ta yi, ba ku ce mata komai ba."

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Na ce, "Zainabu, me kika ce?"

"Na ce ba na salla ranar, Anti. Laifi ne?"

Na ga ranar gaba ɗaya kamar yanzu ake yin ta. Sista Renata ta fesa musu, sun zauna a ɗakin jira, ko minti goma ba a yi ba na dubi agogo na ga azahar ta kawo jiki, in aka jira za ta kuɓuce. Na tashi na ɗauko butata, koriyar butar roba da na zo da ita tun daga gida, na cika ta da ruwan ɗumi don kada sanyi ya kama su, na ce su zo ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta shaƙa ruwa ta fyace, ta shaƙa ta fyace, ta shaƙa ta fyace. Ni na riƙe musu ƙofa. Ni na ƙara musu ruwa. Kwana uku ina yin haka, da hannuna na wanke rigakafin daga hancinsu tun kafin ƙugiyar ta kama komai.

Layin da ya ce kada a fyace hanci, ni na fassara shi. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai cewa ya shafi alwala ba, su ma haka. Fyace majina abu ne na mai mura. Alwala kuwa alwala ce, tun ban san kaina ba nake yin ta, hannuna ke yi ba tare da ya tambayi kaina ba. Jamusawan da suka rubuta takardar su ma ba su taɓa tunanin akwai mutanen da ke wanke cikin hancinsu sau da yawa kullum ba.

"Ɗiyata, lafiya? Kin yanke?" in ji Hajiya.

Na ce albasa ce.

Litinin da safe na je wurin Sista Renata. Na ce ba na son ta nuna mini takardarta, na san doka ta hana. Na rubuta lambobi biyun da sakamakonsu ya yi kyau, na rubuta Zainabu da Fati a ƙasa, na tura mata. Ta buɗe aljihun tebur ta duba, ta rufe. Ta kamo hannuna ta riƙe da hannayenta biyu, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Na yi mata godiya na fita.

Yanzu ni kaɗai na san gaskiya a duk ginin. In na yi shiru, awona ba shi da aibi, babu mai kama ni, takardar Tobiyas ta fita da sunana. In na yi magana, ni ce na ɓata gwajin mata goma sha biyu, na kuma karya ƙa'idar da na karanta da bakina. Kwana biyu ina yawo da abin ban gaya wa kowa ba. A rana ta uku da hantsi na kira Baba. Yana gona, ina jin ƙarar ruwa na zuba a fangali da muryoyin masu tsinkar tumatir. Na gaya masa komai, ina yi ina share hanci.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Sa'adatu, shaƙa ruwa ai sunna ce, ba farilla ba. Ni na koya miki da bakina. Da kin ce su bar shi ranar, alwalarsu ta yi."

"Na sani, Baba. Wallahi bai zo mini ba."

"Na yarda. To wannan takarda da yaron yake so ku rubuta, cewa jikin mutanenmu ba ya karɓar maganin. Su wane ne mutanen namu?"

"Mu duka, Baba."

"Har da Hafsa ke nan."

Ya ce ana kiransa za a juya ruwa zuwa gonar maƙwabci, Allah ya yi mini zaɓin alheri, ya kashe wayar.

Ranar kwamiti na shiga da jakata a kafaɗa. Mutum biyar ne a bayan dogon tebur, Farfesa a tsakiya, Tobiyas a gefe da kwamfutarsa a buɗe yana jiran a ba shi dama. Na nemi izinin yin magana kafin shi. Na zaro butar na ajiye a kan tebur, na ɗauko kwanon roba a gefenta. Suka bi ta da kallo, wani ya gyara tabarau. Na ce ina so in nuna musu abin da matan nan suka yi minti goma bayan an fesa musu rigakafin, kuma ni na sa su. Na naɗe hannun rigata na zuba ruwa a tafina, na shaƙa, na fyace a kwanon. Na sake. Na sake na uku. Ni da na kasa cin abinci don wani ya fyace hanci a gabana, yau ga ni ina yi a gaban manyan malamai, ruwa na bin haɓata.

Farfesa ce ta fara magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kowa ne ke yin wannan?"

"Duk mai salla."

"Sau nawa a rana?"

"Yana iya kaiwa biyar."

"A Kano ma?"

"A garinmu har yara 'yan shekara bakwai."

Ta cire tabaranta ta dafe goshi. Ta ce da an tafi Kano da takardar nan yadda take, da an fesa wa gari guda an wanke kafin la'asar, su kuma su dawo su rubuta cewa maganin ba ya aiki. Na gaya musu gyaran ba shi da wuya: a ba da shi da hantsi, lokacin da babu salla a kusa, a kuma sa malaman gari su sanar cewa ranar a bar shaƙa ruwa. Wata mata a cikinsu ta rubuta duk abin da na faɗa. Tobiyas ya rufe kwamfutarsa a hankali, bai dube ni ba.

Na ɗauka tunda sun gane, za a yafe. Nan na sha mamakin ƙarshe. Suka gode mini, kowannensu da sunana, sannan suka karanta hukunci da murya mai taushi kamar ana yi mini albishir. An soke sakamakon matan gaba ɗaya. An cire ni daga duk aikin da ya shafi mutane, saboda na sa an karya ƙa'ida. Sake gwajin zai ɗauki lokacin da ya wuce wa'adin gurbina, kuma masu ɗaukar nauyina ba sa ƙara wa'adi. Farfesa ta yi ta rubuce-rubuce a kaina har mako uku, ba a amsa mata da alheri ba. Ranar da ta gaya mini, ta rako ni har bakin titi tana tura kekenta, ta ce layin hantsin ya shiga sabuwar takarda, maganar bambancin ƙofa kuma ta mutu. Ko za su kai gwajin Kano, ko yaushe, ba ta iya yi mini alkawari ba, ni ma har yau ban sani ba.

Gaya wa matan ya fi mini kwamitin wuya. Na tsaya a falon na faɗa musu yadda na ɓata musu wahalarsu. Hajiya ta tafa hannu ta riƙe haɓa.

"Wato duk sanyin nan da muka sha, a banɗaki muka zubar da shi?"

"E, Hajiya."

Sai Zainabu ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ashe son jikinta ya yi rana, falon ya ɗauka gaba ɗaya, har da masu hawaye. Da dariyar ta lafa, Hajiya ta ce in an tashi sakewa a rubuta sunanta farko kamar wancan karon. Ita ta ɗaure mini kaya, ta cusa mini rigar sanyin jikarta wai in kai wa Hafsa, ko da yake na gaya mata zafin da ake yi a Kura.

Na iso garinmu ana tsakiyar kwasar tumatir, kwanduna jere a bakin titi tun daga Kura. Kafin in sauke jaka gidan ya cika. Ana guɗa, ana "Dakta ta dawo! Dakta ta dawo!" Hafsa ta ɓuya a bayan Inna tana leƙena, ba ta gane ni ba. Na tsaya a tsakar gida na ce musu su yi haƙuri, ban gama ba, ba ni da digirin, kuma laifina ne. Guɗar ta tsaya a maƙogwaron mai yin ta. Aka fara zamewa ɗaya-ɗaya ana "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Na shige ɗakin Inna na zauna a bakin gado, kunya kamar ta kashe ni.

Baba ya dawo daga gona da taɓo har gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai tambayi hanya ba, bai tambayi sanyi ba.

"Sun rubuta takardar da yaron nan yake so?"

"Ba su rubuta ba, Baba."

"To," in ji shi. Ya ce wa Inna a ba ni abinci, ya fita.

Ina zaune da kwano a gabana ban taɓa ba, sai na ji sallamar maza a zaure, abokan Baba ne da liman. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, mun ji Dakta ta sauka."

Na kasa kunne ina jiran in ji yadda zai rufa mini asiri.

"Sa'adatu ce ta sauka," in ji Baba, da muryar da yake karantarwa da ita, yadda har na bayan katanga zai ji. "Ba ta zo da takardar digiri ba. Ku shigo ku yi mata sannu da zuwa, ni na gode wa Allah da abin da ta yi."